Eduard Buchner: Ɗan Poli Da Ya Daka Yis A Turmi Ya Ci Kyautar Nobel

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajen kemistiri ya san farin mazurarin nan na tangaran mai ƙananan huji a ciki, wanda ake shimfiɗa wa takardar tacewa, ana ce masa mazurarin Buchner. Na kusa shekara biyu ina wanke shi ina mayarwa cikin kabad, kuma duk a zatona sunan Buchner ɗin nan da ya ci kyautar Nobel aka sa masa. Sai da na zauna rubuta babi na biyu na firojet ɗina na gane ashe ba shi ba ne. Mai mazurari wani Bajamushe ne daban, Ernst Büchner, masanin sinadarai na masana'anta. Neman gyara wannan kuskure ne ya sa na karanta tarihin ɗaya Buchner ɗin, wato Eduard, kuma tun daga ranar labarinsa bai bar raina ba.

Firojet ɗina a kan yis ne, irin wanda ake sayarwa a leda a kasuwar Sabon Gari. A gidanmu a Basawa na tashi ina ganin Innarmu tana zuba shi a ƙullun waina da daddare, ta rufe roba, da asuba ƙullu ya taso yana kumfa har yana ɗaga murfi. Ban taɓa tambayar me ke faruwa a cikin robar ba. Wannan tambaya da ni ban yi ba ita ce ta raba kan manyan masanan Turai shekara da shekaru, kuma Eduard Buchner ne ya kashe gardamar.

Maraya da yayansa

An haife shi a birnin Munik na ƙasar Jamus ranar 20 ga watan Mayu, 1860. Mahaifinsa, Ernst Buchner, likita ne kuma malami a jami'a. Tun farko kasuwanci aka tsara wa yaron, ba doguwar boko ba. A 1872 mahaifin ya rasu, Eduard yana da kimanin shekara goma sha biyu. Yayansa Hans, wanda ya girme shi da shekara goma, shi ya tsaya masa ya ga ya ci gaba da karatu. Bayan sakandare ya shiga makarantar fasaha ta Munik, wadda a lokacin ake kira Politeknik, ya fara koyon kemistiri a ɗakin gwaje-gwajen Emil Erlenmeyer. E, shi dai Erlenmeyer ɗin da muke kiran kwalbar nan mai faɗin gindi da siririn wuya da sunansa. Don kada in yi muku ƙari, ita waccan Politeknik ɗin yau babbar jami'ar fasaha ce. Amma a zamaninsa hanya ce ta masu koyon fasaha da injuna, dabam da hanyar jami'a.

Karatun bai yi nisa ba kuɗi suka yanke. Ya ajiye littafi ya kama aiki a wata masana'antar da ke adana abinci a gwangwani, a Munik, daga baya ya bi ta zuwa Mombak kusa da birnin Mainz. Shekaru ya yi a can, sa'o'insa suna ci gaba da karatu shi yana tsakanin tukwane da gwangwanaye.

A nan ne labarin ya fara taɓa ni. Ni ma mahaifinmu ya rasu ina sakandare, kuma yayana ne ke biya mini kuɗin makaranta daga abin da yake samu a ɗinki. Bayan na gama sakandare sai da na yi shekara biyu a gidan burodi a Samaru, ina ɗaukar tire ina shafa mai a gwangwani, kafin kuɗin fom su samu. Na san da yawa a cikinmu haka suka zo makarantar nan: wani daga acaba, wani daga shagon caji, wata daga saƙa da kitso. Kuma mun san yadda mutum ke jin waɗannan shekaru kamar asara ce zalla. Ku riƙe maganar masana'antar gwangwani a ranku, za mu dawo kanta.

A 1884, yana ɗan shekara 24, ya koma karatu a Jami'ar Munik. Ya yi kemistiri a wurin Adolf von Baeyer, ya yi ilimin tsirrai a wurin Carl von Nägeli, yayansa Hans kuma yana sa masa ido. A 1885 ya fitar da takardarsa ta farko, a kan yadda iskar oksijin ke shafar tsimuwa. Ya samu digirin dakta a 1888, ya zama malami a jami'ar a 1891.

Gardamar da ya tarar

Kafin lokacinsa an riga an gano cewa yis abu ne mai rai. Ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal, ƙarama ƙwarai, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Tana cin sukari ta fitar da barasa da iskar kabon, kuma iskar ce ke kumbura burodi da fanke da ƙullun waina. Abin da aka kasa yarda a kai shi ne yadda take yin aikin. Justus von Liebig na Jamus ya tsaya a kan cewa sauyin sinadarai ne kawai. Louis Pasteur na Faransa, bayan gwaje-gwajensa na wajajen 1857 zuwa 1860, ya tsaya a kan cewa tsimuwa tana tare da rayuwar yis, in babu ƙwaya mai rai babu ita. Da yake Pasteur ne, kuma gwaje-gwajensa masu tsafta ne, yawancin masana suka bi bayansa.

Hanyar raba gardamar a bayyane take: a fasa ƙwayoyin yis, a tatso ruwan cikinsu, a zuba masa sukari a gani. In ya yi kumfa babu ƙwaya ko ɗaya mai rai, magana ta ƙare. Sai dai faɗa ya fi yi sauƙi, don bangon ƙwayar yis tauri gare shi, kuma waɗanda suka gwada a baya ba su gamsar da kowa ba. Wata likita 'yar Rasha, Maria Manaseina, ta ba da rahoto tun 1872 cewa ta ga tsimuwa a yis da aka kashe, amma ba a karɓi hujjarta ba. A 1893 Buchner ya fara nasa ƙoƙarin na fasa ƙwayoyin, sai manyan ɗakin gwaje-gwajen suka ga ɓata lokaci ne, tunda an sha gwadawa ba a samu komai ba. Aikin ya kwanta shekara uku. Shi kuwa ya tafi koyarwa a Jami'ar Kiel, daga nan a 1896 ya koma Tubingen. Liebig ya riga ya mutu tun 1873, Pasteur ya bi shi a 1895, babu wanda ya ga ƙarshen gardamar a cikinsu.

Hutun da ya canja komai

A hutun kaka na 1896 Eduard ya zo Munik wurin yayansa. A lokacin Hans babban masanin ƙwayoyin cuta ne a Cibiyar Nazarin Tsaftar Lafiya ta birnin, kuma shi ba tsimuwa ce ta dame shi ba. So yake ya tatso ruwan cikin ƙananan halittu ya gwada a jikin dabbobi ko zai yi amfani wajen magani. Shi da mataimakinsa Martin Hahn suna aiki da wata dabara mai kama da aikin tsakar gida. A samu yis na masana'antar giya kimanin kilo ɗaya, a haɗa da yashi mai kaifi da wata farar ƙasa mai laushi, a daka a babban turmi har ƙwayoyin su farfashe abin ya zama kamar danƙo. Sai a naɗe a ƙyalle mai ƙarfi, a sa a injin matsa mai nauyin gaske, kamar dai yadda ake matse tunkuza a fitar da man gyaɗa. Abin da ke fitowa ruwa ne mai ɗan rawaya, wajen rabin lita.

Matsalar ita ce ruwan ba ya jimawa yake lalacewa. Ba kuma za a zuba masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu dafi ba, tunda dabbobi za a ba. Sai aka koma ga dabarar da kowace mai girki ta sani, kuma kowane ma'aikacin masana'antar gwangwani ya sani: sukari mai yawa yana hana abu ruɓewa. Aka zuba sukari mai kauri a cikin ruwan. Ba a jima ba sai ga ƙananan kumfa suna tasowa daga cikin kwalba, ba tsayawa.

Wani da ya ga haka cewa zai yi abin ya gurɓace, ya juye a kwata ya sake sabo. Ni kaina na yi haka a samistar da ta wuce, da wata gorata ta yi abin da ban zata ba: na zubar, na wanke, ban ko rubuta a littafin lab ba, don kada a ce na yi kuskure. Eduard bai zubar ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana adana abinci, ya kuma yi shekara goma sha ɗaya yana tunanin tsimuwa, don haka ya san ruwan sukari mai kauri haka bai kamata ya motsa ba. In ya motsa, to akwai abin da ke cin sukarin, alhali an riga an farfasa ƙwayoyin.

Daga nan ya shiga aikin tabbatarwa, wanda a ganina shi ne ainihin gwanintarsa. Ya tace ruwan ta matacin da ƙwayar yis ba ta iya wucewa, kumfa bai daina ba. Ya zuba sinadarai irin su kulorofom masu hana ƙwayoyi rayuwa, bai daina ba. Ya auna iskar da ke fita ya ga kabon ce, ya kuma samu barasa a ciki. Da ya dafa ruwan kuwa, sai aikin ya mutu. A watan Janairun 1897 ya aika da takardarsa ga mujallar Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Jamus, a kan tsimuwar sukari ba tare da ƙwayoyin yis ba. Ya ce akwai wani sinadari da ƙwayar ke ƙerawa a cikinta, shi ke yin aikin, kuma yana iya ci gaba da yi ko bayan ƙwayar ta mutu. Ya raɗa masa suna zayimes. Irin waɗannan sinadarai su ne muke kira enzayim, kalmar da Wilhelm Kühne ya ƙirƙira kimanin shekara ashirin kafin nan daga Girkanci, ma'anarta kuwa abin da ke cikin yis.

Ba a tafa masa nan take ba. Wasu sun maimaita gwajin da irin nasu yis ɗin bai yi ba. Wasu suka ce ai gutsattsarin ƙwaya masu sauran rai ne suka rage a ruwan. Shekaru ya yi yana amsa su da gwaji bayan gwaji, har ya nuna ana iya busar da abin ya zama gari, a ajiye, a jiƙa daga baya ya ci gaba da aiki. A ƙarshe ta bayyana cewa Pasteur da Liebig kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya: sai mai rai ne ke ƙera enzayim, amma aikin da enzayim ke yi kemistiri ne da za a iya aunawa a kwalba.

A 1898 ya zama farfesa a Kwalejin Aikin Gona ta Berlin. Ya auri Lotte Stahl a 1900. A 1903 littafinsu a kan zayimes ya fito da sunansa da na Hans da na Martin Hahn, sai dai Hans bai gani ba, ya rasu a 1902. A 1907 aka ba Eduard kyautar Nobel ta kemistiri shi kaɗai. Yayan da ya ɗauke shi tun yana maraya, wanda kuma a ɗakin aikinsa aka ga kumfan, shekara biyar ke nan da binne shi. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa sai na tuna da keken ɗinkin yayana.

Ƙarshensa

Ya koma Jami'ar Breslau a 1909, sannan Wurzburg a 1911. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya sa kansa aikin soja yana da shekara 54, ba wanda ya tilasta shi. An dawo da shi koyarwa, amma a 1917 ya sake komawa fagen daga da muƙamin manjo. A watan Agustan shekarar ya samu mummunan rauni a Romaniya, ya mutu a garin Fokshani yana da shekara 57, a can aka binne shi. Mu da muka tashi kusa da barikin Basawa mun san darajar soja, mun kuma san gidajen da aka kawo wa labari maras daɗi. Duk da haka wannan ɓangare na rayuwarsa ban iya yaba shi ba. Mutumin da ya ƙi yarda da maganar Pasteur sai ya gwada da hannunsa, shi ne kuma zazzaɓin kishin ƙasa ya ɗebe shi kamar kowa.

Daga turminsa zuwa rabuwar ƙwaya

Abin da Buchner ya bari ya wuce maganar sukari. Ya bar hanya ce: in kana son sanin yadda ƙwaya mai rai ke aiki, fasa ta, ka ɗebi ruwan cikinta, ka cire wannan ka ƙara wancan, ka ga abin da zai tsaya da abin da zai ci gaba. Da wannan ruwa nasa ne Arthur Harden da William Young a Landan suka gano a farkon ƙarni na 20 cewa tsimuwar ba ta tafiya sai da sinadarin fosfet. Daga baya aka gane zayimes ba enzayim ɗaya ba ne, tawaga ce ta enzayim wajen goma sha biyu, kowane yana miƙa wa na gaba. A shekarun 1950 Edmond Fischer da Edwin Krebs a Amurka suka nuna cewa ƙwaya tana kunna furotin ko ta kashe shi ta hanyar manna masa fosfet ko cire shi. Enzayim masu manna fosfet ɗin ana kiransu kaines.

To ga inda yis ya sake shigowa. Ƙwayar yis ɗin burodi, in ta samu abinci da ɗumi, takan tsiro da 'ya a gefenta ta rabu biyu cikin kamar minti 90. Kafin ta rabu dole ta kwafi dukkan bayanan gadonta sau ɗaya, ba sau biyu ba, ta raba su daidai, sannan ta yanke. Wa ke ba da umarnin kowane mataki? A farkon shekarun 1970 Leland Hartwell ya tara yis masu naƙasa da ke maƙalewa a tsakiyar rabuwa, ta haka ya gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da aikin, ciki har da CDC28. Paul Nurse a Birtaniya ya samu takwaransa, cdc2, a wani yis dabam mai rabuwa ta tsakiya. Shi wannan yis na biyu ɗan Afirka ne: daga giyar gero ta Gabashin Afirka aka fara ware shi a 1893, shi ya sa sunansa ya ƙare da pombe, wato giya da Swahili. Tim Hunt ya gano furotin saikilin a 1982, wanda ke taruwa ya ɓace a kowane zagaye. Da aka haɗa bayanan sai aka ga abu ɗaya ne: wani kaines, da yanzu ake kira Cdk1, shi ne direba, saikilin kuma makullin da ke tayar da shi. A 1987 Nurse da Melanie Lee suka sa irin wannan ƙwayar gado ta ɗan Adam a cikin yis mai naƙasa, sai ya warke ya ci gaba da rabuwa. Wato injin da ke raba ƙwayar yis a ƙullun Innarmu, irinsa ne ke raba ƙwayoyin jikina da naka. Hartwell da Hunt da Nurse sun karɓi Nobel a 2001.

Saura tambaya mai wuya: su wane ne furotin ɗin da Cdk1 ke manna wa fosfet? Ku ɗauki misalin kiliyarans da mu 'yan ajin ƙarshe za mu shiga kwanan nan. A ce ofisoshi sun fi ɗari, kowa yana buga hatimi iri ɗaya da tawada iri ɗaya a kan dubban takardu. In ka ɗauki takarda ka ga hatimi, yaya za ka san ofishin da ya buga? Haka yis yake, yana da kaines fiye da 100, dukansu daga sinadari ɗaya, ATP, suke ɗaukar fosfet. Dabarar da Kevan Shokat ya fito da ita ita ce a ba ofishi ɗaya tawada ta musamman. Aka ɗan faɗaɗa ramin da ATP ke shiga a jikin Cdk1, aka ƙera wani ATP mai ƙaton kai da alama a jikinsa, wanda ba ya shiga ramin kowa sai na wannan. Duk furotin da aka gani da alamar, to Cdk1 ne ya taɓa shi. A 2003 ɗakunan binciken David Morgan da Shokat a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka ba da rahoton furotin kusan 200 ta wannan hanya. Kuma a ina aka yi gwajin? A cikin ruwan ƙwayoyin yis da aka farfasa, shekara 106 bayan takardar Buchner. A 2009 wani binciken na ɗakin Morgan ya kai adadin sama da 300.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani shi ne Sic1, wanda yake kamar birki. Muddin yana nan ƙwaya ba ta fara kwafar bayanan gadonta. In kaines ɗin ya manna masa fosfet, sai ƙwayar ta markaɗe shi, mota ta tashi. Ciwon daji kuwa, a taƙaice, ƙwayoyi ne da birkinsu ya tsinke suke ta rabuwa ba tsayawa. Shi ya sa sanin wa ke taɓa wa yake da muhimmanci ga mutanen da muke gani suna zuwa asibitin koyarwa na Shika daga jihohi masu nisa. A 2015 Amurka ta amince da maganin palbociclib na ciwon dajin mama, wanda aikinsa shi ne toshe CDK4 da CDK6, 'yan uwan wancan kaines na yis.

Abin da na ɗauka

Mu 'yan poli mun saba jin cewa mu masu wanke kwalba ne, tunani na masu digiri ne. Wani lokaci mu da kanmu muke faɗa. Ni dai abin da na gani a rayuwar Buchner shi ne, gardamar da manya suka yi shekaru suna yi da alƙalami, turmi da yashi da injin matsa ne suka warware ta, a hannun mutumin da ya san halin kayan aikinsa har ya gane lokacin da suka yi abin da bai kamata ba. Ban ce kowa zai ci Nobel ba, kuma na san halin da muke ciki na wuta da tsadar sinadarai. Amma yis na nan a kasuwa da araha, sukari na nan, gora da balan-balan na nan. Cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa take, ina wuce ƙofarta kusan kullum.

Shawarata ga ƙannenmu 'yan ajin farko guda biyu ce. Kada ku sayi firojet a shagon kwafi, ku yi da hannunku ko da sakamakon bai yi kyau ba. Sannan duk abin da kwalba ta yi, ko ya saɓa wa abin da ke cikin handawut, ku rubuta shi da kwanan wata kafin ku zubar, ku nuna wa malamin lab. Ni na sayi sabon littafi na fara hakan, kuma shafin farko na rubuta labarin gorar nan da na zubar, gwargwadon abin da na iya tunawa.

Allah ya saka wa yayye da iyayen da ke ɗauke da karatunmu da alheri, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe. Amin.